Kafin Ka Ɗora Tukunya a Abuja



Yau maganar abinci za mu yi, amma ta ɓangaren mai sayarwa. Duk wanda ya ɗan zauna a Abuja ya san akwai wata shawara da ba ta ƙarewa a bakin mutane. Ma'aikacin da ke jiran kuɗin sallama, Hajiyar da ta kwashi adashe, matashiyar da ta gama hidimar ƙasa aiki bai samu ba, ɗan kwangilar da ya gaji da zarya a ma'aikatu, kowa ka taɓa sai ya ce maka, "Ni fa gidan abinci nake son buɗewa." In ka tambayi dalili, amsar ba ta wuce biyu. Ta farko, ai komai tsanani ba a fasa cin abinci. Ta biyu, duk wanda ya ɗanɗana girkin gidansu sai ya yi santi.

Duka biyun gaskiya ne, sai dai ba su kai hujjar zuba miliyoyi ba. Iya girki daban, riƙe gidan abinci daban. A garin nan kuwa ba kasafai daɗin miya ko rashinsa ke rufe gidan abinci ba. Haya ce ke rufe shi, da wuta, da yanayin garin kansa, sai kuma rashin zaman mai shi a wurin.

Na san inda sha'awar take samo asali. Mutum ya bi ta titin Aminu Kano ko Adetokunbo Ademola a Wuse II bayan isha'i, ya ga motoci sun yi layi a ƙofar gidajen abinci, masu gadi na ta kai da kawowa, sai ya fara lissafi a zuci: mutum kaza, faranti kaza, naira kaza. Kafin ya isa gida ya riga ya zama attajiri. To, hangen Dala ba shiga birni ba ne. Da zai riƙa lura da allunan da ke jikin waɗannan gine-gine, zai ga ginin na nan yadda yake amma suna na canzawa. Bana wannan ne, baɗi an sake fenti an rataya wani. Wanda ya fita ba ya yin shela. Mai shiga ne ke gayyatar jama'a a yanka ƙyalle a ɗauki hoto.

Ba Abuja kaɗai ba ce. A Amurka an daɗe ana yawo da maganar cewa kashi 90 cikin 100 na gidajen abinci suna mutuwa a shekarar farko. Wani malamin jami'ar jihar Ohio mai suna H. G. Parsa ya bi diddigin lamarin a birnin Columbus, ya fitar da sakamakonsa a 2005. Ya gano an yi ƙari a maganar: kusan kashi ɗaya cikin huɗu ne ke rufewa ko su sauya hannu a shekarar farko. Amma kafin a cika shekara uku, wajen shida cikin goma sun tafi. Wannan fa a ƙasar da ba kasafai ake ɗauke wuta ba, kuma ruwan bashin banki bai kama ƙafar namu ba.

Mu dawo gida. Abu na farko da ya kamata mai niyya ya fahimta shi ne irin garin da yake ciki. Abuja ba Kano ba ce. Kano kasuwa ce ta tara ta, mutanenta a cikinta suke kwana, a cikinta suke yin sallah da biki da zaman makoki. Abuja kuwa doka ce ta kafa ta, a watan Fabrairun 1976 zamanin Janar Murtala Muhammad, aka kuma taso da gwamnati daga Legas ranar 12 ga Disamban 1991 zamanin Janar Babangida. Gari ne da aka gina domin aikin ofis, kuma har gobe da ofis yake numfashi. Dubban mutanen da ke cika Sakatariyar Tarayya da Garki da Wuse da rana, ba a nan suke kwana ba. Da la'asar ta yi sai su kama hanyar Nyanya da Mararaba da Masaka, wasu Kubwa da Zuba da Suleja, wasu Lugbe da Kuje da Gwagwalada. Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, hanyar Kaduna ta cika da masu tafiya ganin iyali. Sallah ta zo gari ya yi tsit, Kirsimeti ta zo ya ƙara yin tsit. Majalisa ta tafi dogon hutunta na tsakiyar shekara, ta tafi da 'yan rakiya da masu neman alfarma da direbobinsu. Ga watan azumi, wanda in tuwo da miya kake sayarwa ga 'yan Arewa da rana, wata guda cur tukunyarka a kife take sai in ka iya juya ta zuwa buɗa-baki da sahur.

Shi kansa watan ba daidai yake tafiya ba. Makon da aka yi albashi ana cin nama biyu har a ƙara da lemo. Daga tsakiyar wata sai ka ga kula ta bayyana a ƙarƙashin tebur, kowa ya taho da ɗumamensa daga gida. Tun da kuɗin mota ya tashi, wannan ɗabi'a ta ƙara yawa, kuma ba wanda zai ga laifin ma'aikaci.

Mai gida kuwa bai san da wannan ba. Hayarsa ta wata goma sha biyu ce, kuma gaba ɗaya yake karɓa, wani ma ya ce sai ta shekara biyu. Dillali na da kasonsa, lauya na da nasa, ga kuɗin ajiya saboda ɓarna, in a rukunin shaguna ne ga kuɗin hidima na shekara. Ba ka sayi cokali ɗaya ba, rabin jari ya tafi. Sannan a shiga gyara: tayil, fenti, fanfo, hanyar fitar hayaƙi, banɗaki. Duk abin da ka kafa a jikin ginin mutum ya zama nasa. Abin da ya fi ciwo shi ne, in Allah ya sa wurin ya karɓu, mai gida na gani, shekara na zagayowa zai ƙara haya, domin ya san ba za ka so ka tashi ka bar masu sayenka ba.

Akwai kuma abin da mutane da yawa ba sa tambaya sai sun ga jan fenti a bango. Abuja gari ne mai taswira, kowane fili da abin da aka ware shi dominsa. Gine-gine da dama da ake kasuwanci a cikinsu a Wuse II da Maitama da Garki, a takarda gidajen kwana ne. Wanda ya ga zamanin da Malam Nasiru El-Rufa'i ke ministan Abuja, daga 2003 zuwa 2007, ya san abin da katafila ke yi wa ginin da ya saɓa tsari, kuma tun da Nyesom Wike ya karɓi kujerar a Agustan 2023 aka sake tayar da maganar amfani da fili ba bisa ƙa'ida ba. Don haka kafin ka biya ko sisi, ka ce a nuna maka takardar da ta halatta kasuwanci a wurin. In dillali ya ce maka, "Haba Alhaji, ai kowa ma haka yake yi," to ka riƙe kuɗinka. Ranar da aka zo rufewa ba za ka same shi a waya ba.

Sai wuta. Gidan abinci ba ya rayuwa sai da firiza, firiza kuma ba ta san uzuri ba. A watan Afrilun 2024 hukumar kula da wutar lantarki ta ƙasa ta ɗaga kuɗin wuta ga 'yan rukunin A, waɗanda aka yi wa alkawarin aƙalla awa 20 a rana, daga wajen naira 68 zuwa naira 225 kowane ma'auni, kafin daga baya a ɗan sassauta. Unguwannin da ake kwaɗayin buɗe gidan abinci a cikinsu, da yawansu a wannan rukuni suke. In ka gudu zuwa inda wuta ke da araha, can kuma ba ta zama, sai janareta. Man fetur da ake saya ƙasa da naira 200 kafin ranar 29 ga Mayun 2023, ranar da Shugaba Tinubu ya ce tallafi ya tafi, cikin kwanaki ya koma 537 a Abuja, a Oktoban 2024 kuma ya haura 1,000. Gas ɗin girki ya bi sahu, gawayi ma ya ce ba za a bar shi a baya ba.

Bari mu yi ɗan lissafi tare, na misali ne kawai, kowa ya sa nasa alƙaluman. A ce ka samu matsakaicin wuri a kan naira miliyan 6 a shekara, wato 500,000 a wata. Ka ɗauki ma'aikata shida, kowanne 70,000, wanda shi ne mafi ƙarancin albashin da aka sa wa hannu a Yulin 2024. Gaskiya ne dokar ba ta hau kan mai ma'aikata ƙasa da 25 ba, amma yaron da zai taso daga Masaka kullum ya bi cunkoson Nyanya, in ka ba shi ƙasa da haka kuɗin mota ka ba shi, kuma ba zai daɗe ba. Albashi ya tashi 420,000. A ce wuta da mai da gas da ruwa da kwasar shara sun ci 580,000. Jimilla naira miliyan ɗaya da rabi ke nan duk wata, ko an yi ciniki ko ba a yi ba. Yanzu a ce faranti 2,500 kake sayarwa, shinkafa da mai da nama da kayan miya da robar zubawa sun cinye 1,500, saura 1,000. In kullum kake buɗewa kuma kullum ana zuwa, sai ka sayar da faranti 50 a rana kafin ka fita daga asara. In kuwa a unguwar ofisoshi kake, inda ranakun ciniki ba su wuce 22 a wata ba, sai ka sayar da kusan 70. Faranti na saba'in da ɗaya shi ne farkon abin da za ka kai gida. Ba mu sa ranar da aka yi ruwa tun safe ba, ba mu sa abincin da ya kwana ya lalace ba, ba mu sa wanda ya nuna maka saƙon tura kuɗi na bogi ya fice ba.

Wannan 1,500 ɗin ma da muka ce, ba a tsaye take ba. A tsakiyar 2024 hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta ce hauhawar farashin abinci ya haura kashi 40 cikin 100. Abuja ba ta noma abin da take ci. Tumatir daga Kano da Kaduna da Katsina da Filato yake zuwa, albasa daga Sakkwato da Kebbi, doya daga Binuwai da Neja da Nasarawa. Duk abin da ya taɓa manomi ko direban babbar mota, washegari yana cikin tukunyarka. Masu abinci ba su manta da 2016 ba, shekarar da tsutsar tumatir ta cinye gonaki har jihar Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan lamarin. Kuma ko ba tsutsa, duk damina tumatir sai ya yi tsada. Matsalar ita ce mai sayar maka da kaya yana iya ƙara kuɗi kullum, kai kuwa ba ka isa ka ƙara wa faranti kuɗi kullum ba. In ka ƙara su gudu, in ka rage yankan nama su lura. Mutum zai yafe maka abubuwa da yawa, ban da ƙanƙancewar namansa.

A nan ne ake gane wanda ya san sana'ar. Riba a wurin cefane ake samunta tun kafin a kunna wuta. Mai abincin da ta san aikinta, asubar fari tana kasuwar Orange ta Mararaba ko Dei-Dei wajen kayan gwari, ta san ranar da Gosa ke ci da ranar Karmo, ta san wanda za ta kira a kasuwar kifi ta Kado, ta san mahaucin da ba zai cika mata ƙashi ba. Wanda kuwa ya zauna a ofis ya tura yaro kasuwar Wuse da jerin kaya a takarda, ya riga ya raba ribarsa da mutum uku bai sani ba.

Wannan ya kawo mu kan abin da na fi so masu niyya su ji, musamman manyan ma'aikata da ke cewa za su buɗe ne "a sa yara su kula." Gidan abinci ba ya karɓar saƙo. Kaya ne da ake iya ci, ake iya ɗauka a leda, ake iya cewa ya lalace. Ba ina cewa ma'aikata ɓarayi ba ne, akasarinsu bayin Allah ne masu neman halak. Amma inda ba a auna shinkafa da mudu, ba a ƙirga yankan nama, ba a rubuta abin da ya shiga sito da abin da ya fita, ko waliyyi ka ajiye lissafi sai ya ɓace. Ga kuma maganar kuku. In duk daɗin abincinka a hannun mutum ɗaya yake, ranar da na gaba da kai ya ƙara masa dubu ashirin, da shi da masu sayenka za su tafi tare. Shi ya sa wadda ta iya girkin da hannunta ta fi mai kuɗin da bai san yadda ake tuƙa tuwo ba samun kwanciyar hankali.

Sai namu na gida, wanda ba a son faɗa. Ka buɗe wuri, 'yan uwa da abokan arziki za su zo taya murna, kuma wasu ba za su daina taya murnar ba har shekara. Ɗan ƙanin Hajiya ya zo da abokansa uku, abokin Alhaji na ofis ya ce a rubuta, maƙwabci ya aiko a zuba wa baƙinsa. Kunya ta hana a tambaya. Bashi hanji ne, mun sani, yana cikin kowa, amma wanda ba zai iya duban idon amininsa ya ce masa "ranka ya daɗe, ga lissafinka" ba, gara ya nemi wata sana'ar. Haka ma odar taron bita da ta ma'aikatu, wadda kowa ke rububi: za ka ciyar da mutum ɗari biyu da kuɗinka yau, takardar biyanka kuma ta kama yawo daga tebur zuwa tebur.

Maganar hukumomi ba zan daɗe a kanta ba, duk mai shago a Abuja zai ba ka labari. Ka yi rajistar suna a hukumar rajistar kamfanoni, CAC. Ka san da zaman ƙaramar hukumar birni, AMAC, da hukumar tsabtace muhalli, AEPB, da masu karɓar kuɗin allon talla, da hukumar harajin Abuja, da gwajin lafiyar masu taɓa abinci. Ka je da ƙafarka ka tambayi abin da ke kanka kafin su zo da tasu ƙafar, ka biya ta banki, ka adana rasit. Wanda ya zo da riga mai tambari ya ce a ba shi a hannu, ka nemi takarda.

Bashin banki kuwa, a ganina, kada ma a fara. A ƙarshen 2024 Babban Bankin Najeriya ya kai ma'aunin ruwansa kashi 27.5 cikin 100, bankunan kasuwanci kuma sama da haka suke bayarwa. Ban da nauyin riba da addini ya hana, babu farantin shinkafar da zai iya ɗaukar wannan kaya. Kuma a tuna, ana iya wayar gari da abin da ba ya cikin lissafin kowa. Ranar 30 ga Maris 2020 aka rufe Abuja saboda korona, haya na tafiya, kujeru babu kowa. A farkon 2023 aka yi ƙarancin takardun naira, mai saye na tsaye da yunwa, kuɗinsa na banki, tura kuɗi ya ƙi tafiya. Wanda ya zuba duk abin da ya mallaka a fenti da kujeru, bai ajiye na wata shida a gefe ba, irin waɗannan ranaku ne ke kai shi ƙasa.

To, shin kada a buɗe ke nan? A'a. Akwai kasuwa, kuma ga ɗan Arewa ma akwai wadda ta fi ta kowa. Garin nan cike yake da mutanen da suka baro iyalansu a Kano da Katsina da Sakkwato da Maiduguri, suna marmarin tuwon shinkafa da miyar taushe, da ɗanwake, da dambu, da waina mai zafi, da fura mai kyau. Waɗanda ba Hausawa ba ma sun koyi cin masa da kilishi da kunun aya. Dubi masu kilishin Area 1, dubi masu abincin da ke kewaye Babban Masallacin Ƙasa ranar Juma'a, dubi masu gasa kifi a kasuwar barikin Mogadishu. Ba su da kujerun alfarma, ba su da jerin abinci kala arba'in. Abu ɗaya suka riƙe suka iya shi, har mutum ya tuƙo mota daga Gwarinpa domin shi. Sabon shiga kuwa sai ya ce zai yi tuwo, ya yi sakwara, ya yi shawarma, ya yi abincin Sin, duk a kicin ɗaya. Kowane kala da ka ƙara, ka ƙara abin da zai kwana a firiza.

Shawarata ita ce a gwada kasuwar kafin a kama haya. Yau mata da yawa a Kubwa da Lugbe da Gwarinpa daga kicin ɗin gidansu suke sayar da abinci, su sa hoto a WhatsApp da Instagram, mai babur ya kai ofis. Akwai kamfanonin kai saƙo irin su Chowdeck da Glovo, sai dai suna cire kasonsu, kuma kada mutum ya jingina da su kacokan, domin a Disamban 2023 Jumia Food da Bolt Food duk suka nannaɗe tabarmarsu a Najeriya. Lambobin masu sayenki, Hajiya, su zauna a wayarki. Ki yi wata shida a haka, ki ratsa tsakiyar wata, ki ratsa damina, in da hali ki ratsa azumi. Ki rubuta komai, har kuɗin ashana, ki kuma cire wa kanki albashi, domin wahalarki ba kyauta ba ce. Yabon 'yan uwa ba shi ne ma'auni ba. Ma'aunin shi ne baƙon da bai san ki ba, ya biya da kuɗinsa, ya kuma dawo jibi. In irinsu suka yi yawa har kicin ya kasa ɗauka, sannan a nemi wuri, kuma a nemi daidai ƙarfi, ko da rumfa ce a kusa da inda masu sayen suke.

Kai kuma Alhaji mai jiran kuɗin sallama, kafin ka sa hannu a takardar haya, ka je wurin da kake so ɗin ka zauna ranar Talata da rana, ka koma ranar Asabar, ka koma ranar ashirin ga wata, ka ƙirga masu shiga maƙwabta da idonka. Ka tambayi mai gadi wa ya bar shagon da me ya fitar da shi. In akwai mai gidan abincin da ka yarda da shi, ka roƙe shi ka yi ko mako biyu kana tsayawa a bayan kanta daga buɗewa har rufewa. In ƙafarka da zuciyarka sun ɗauka, kuma kuɗin da za ka zuba ba shi ne na makarantar yara ko na gidan da za ka koma ba, bismillah, Allah ya sa albarka. In kuwa niyyarka ka buɗe ne ka riƙa leƙowa da yamma kana karɓar ciniki, ina roƙonka ka bar kuɗin nan inda suke.